Ɗaurin da Ya Tafi Wurogauri

Ranar Asabar da hantsi tsakar gidan su Fatiha a Gwandu cika yake yi da 'yan mata masu jiran kitso. Hannunta ba zafi, bakinta kuma ba ya fitar da maganar kowa waje, shi ya sa uwaye ke turo mata 'ya'yansu. Wadda layi ya zo kanta ta kwantar da kai a cinyarta, sauran su jeru a inuwar dogonyaro, waya ɗaya a tsakiyarsu, wata mata tana karanto musu labarin soyayya daga ciki.

Wata Asabar sai Aishatu, 'yar maƙwabtansu mai shekara goma sha shida da baki kamar reza, ta kai hannu ta kashe wayar.

"Na gaji," ta ce. "Kullum attajiri, kullum baƙar mota. Ya kaɗe ta bisa titi, ya kai ta asibiti, ya aure ta. Ni in mota ta kaɗe ni a garin nan, wallahi ta gawayi ce."

Aka tuntsire da dariya. Fatiha ba ta ɗaga kai daga tsagar da take yi ba. Sai da dariyar ta lafa sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Akwai wasu a ɗaki. Na da."

"Mi kika ce, Adda?"

"Littattafai. Na Baba."

Mahaifinta, Malam Haliru, malamin firamare ne. Ya rasu ya bar akwatin ƙarfe da tsofaffin littattafan labarai guda huɗu a ciki, irin waɗanda aka buga tun kafin a haifi Innarta. Yakan ce duk yaron da bai karanta irinsu ba bai san daɗin Hausa ba tukuna. Uku suna nan da bangonsu. Na huɗun, wanda ya fi yabo, ba bango, ba shafin farko, gara ta cinye su tun yana da rai, har ba a san sunan littafin ba balle na wanda ya rubuta shi. A gidan littafin Sambo ake ce masa, don Sambo ne mutumin da ke ciki.

Shi ta ɗauko musu. Ita aji shida na firamare ta tsaya, karatunta da yatsa ne a ƙarƙashin layi, ba ta yarda ta yi shi gaban mutane. Sai ta miƙa wa Jidda, wata siririyar yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ba ta cika magana ba.

Jidda ta soma karantawa a fili. Sambo ɗan fataucin gishiri ne mai jaki ɗaya, shi ma ɗingishi yake yi. A wani zango ya tarar da tsoho kwance ba lafiya, kowa ya guje shi, ya zauna ya yi jinyarsa kwana uku. Da tsohon ya ga ba zai tashi ba, sai ya ba shi wani ƙullin fata ɗinkakke, ya faɗa masa sunan wata mata a wani gari mai nisan wata biyu, ya ce ya kai mata hannu da hannu, kada ya buɗe.

Har aka kira azahar ba wadda ta tuna da waya.

"Ni zan tahi da shi gida," in ji Aishatu.

"Don ke ce wa?" in ji wata. "Ni na fara zuwa yau."

"Ke da kike karanta shafi ɗaya har tuwo ya huce?"

Su bakwai ne, littafi ɗaya. Fatiha ta ce ga sauran ukun nan, su ma masu kyau ne, Baba ya ce ma mai koren bangon ya fi ban dariya. Ba wadda ta ko kalle su. Kowa so take ta san abin da ke cikin ƙullin.

Da suka watse ta zauna da littafin a cinya tana tunani. Kakanta, Malam Basharu, malamin zaure ne, a gabansa ta taso. Littattafansa warƙa-warƙa suke, ba ɗinki, tsakanin kwali biyu ɗaure da igiyar fata. Ɗalibi ya zo, ya zare masa warƙa biyar ko goma, ya je ya karanta ya dawo da su, a ba shi na gaba. Haka mutum goma ke karatun littafi ɗaya a wata ɗaya, ba rigima. Ta tashi ta ɗauko reza.

Innarta ta leƙo daga madafa. "Fatiha, littafin ubanki kike yanka?"

"Zaren kawai, Inna. Haka Kaka ke yi."

"Na kakanki dama a warware suka zo duniya."

Fatiha ta ci gaba da yankan zaren. Ta raba shi kashi shida. A ƙasan akwatin akwai ragowar kwalaye da igiyoyin fata na Malam Basharu, sun yi baƙi don tsufa, suna ƙanshin zaurensa. Ta sa kowane kashi tsakanin kwali biyu, ta ɗaure, ta rubuta lamba a gefe da biro. Da ta jera su a kan gado sai ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba.

Dabarar kuwa ta yi aiki. Ɗauri na ɗaya ya bi gidaje, na biyu na biye da shi. Asabar ta koma ranar gardama. Wata ta ce zinariya ce a ƙullin, wata ta ce wasiƙa ce, Aishatu ta ce ba komai a ciki sai yashi, tsohon gwada shi yake yi. Khadija, ƙaramarsu, ta yi kuka ranar da aka kai inda jakin ya mutu a bakin gulbi, Sambo ya ɗora buhun gishiri a kansa ya ci gaba. Har wata uwa ta aiko a tambaya wane irin littafi ne wannan da ya sa 'yarta ta ƙona miya.

Abu ɗaya ne ba su sani ba. Fatiha ba ta kai ƙarshen littafin ba. Tun damina ta soma shi, shafi biyu yau, uku gobe, in aiki ya bar ta. Ranar da ta yanke zaren tana farkon kashi na biyar ne. Da Aishatu ta fara matsa mata, "Adda, don Allah mi ke cikin ƙullin?" kunya ta hana ta cewa ita ma ba ta sani ba. Sai ta ce, "Ki karanta ki gani." Suka ɗauka rowa ce irin ta manya. Kullum suka tambaya, amsar ke nan, har ya zama ba ta da hanyar komawa baya.

Ta ƙara wa karatunta sauri, amma Jidda ta fi ta nesa ba kusa ba. Cikin mako uku yarinyar ta cinye ɗauri huɗu, ta karɓi na biyar daga hannun Fatiha, ta dawo da shi bayan kwana biyu.

"Adda, na shida nike so. Gobe za ni Wurogauri wajen kakata, an yi hutu. Kwana goma kawai."

Fatiha ta shiga ɗaki ta ɗauko. Ta tsaya da shi a hannu. Maganar tana bakinta, ki bari in karanta tukuna. Amma Aishatu na zaune, Khadija na zaune, duk sun zuba mata ido irin kallon da ake yi wa wadda ta san komai. Ta miƙa.

"Ki kula da shi. Shi kaɗai ne."

"Kamar idona, Adda."

Kwana goma suka zama ashirin, ashirin suka zama wata. Lokacin yankan shinkafar rani ne, kakar Jidda ta riƙe ta tana taya su kai abinci fadama. Fatiha ta gama na biyar ta tsaya. Aishatu ta gama ta tsaya. Wasu biyu ma suka iso suka tsaya, kowa a wuri ɗaya: Sambo ya hango ganuwar garin daga kan tudu, ƙafarsa ta kumbura, ƙullin na rataye a wuyansa.

"Wanga zalunci ne," in ji Aishatu. "Kin kai mu bakin ƙofa kin rufe. Ki faɗa mana mana, ko kaɗan."

"Jidda na nan tafe."

Ta karɓi lambar kawun Jidda ta kira sau biyu. Na farko iska kawai ta ji. Na biyu ya ce mata suna fadama, zai faɗa mata. Shiru.

Da aka kusa komawa makaranta, Hafsat uwar Jidda ta ce za ta je ta taho da 'yarta. Fatiha ta roƙi Inna ta bar ta ta raka ta. Ita da ko Birnin Kebbi sau uku ta taɓa zuwa, ta shiga mota, suka canza wata zuwa Kalgo, daga nan suka hau baburan kabu-kabu. An yi ruwan fari kwanaki, hanyar duk taɓo. Ko'ina shinkafa ce a shanye bisa tamfol, mata na sheƙa.

Jidda suka fara gani a ƙofar gida da tulu a kai. Da ta ga uwarta ta yi murmushi. Da ta ga wadda ke bayanta sai murmushin ya ɗauke. Ta gaishe su ido a ƙasa ta shige da sauri.

Goggo Larai, kakar Jidda, tsohuwa ce ƙarama mai kuzari. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura da nono, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Gwandu gida-gida. Sai ta juyo ta ƙura wa Fatiha ido.

"Wagga ɗiyar wa ce?"

"Ta marigayi Malam Haliru ce," in ji Hafsat. "Jikar Malam Basharu."

"Allahu akbar! Ashe ke ce mai takardun." Ta matso ta kama hannunta da hannu biyu. "Ɗiyata, ki kwantar da hankalinki, na yi musu abin da ya kamata. Wagga sakaryar," ta nuna ɗakin da Jidda ta shige, "bisa katanga ta aje su ta tahi fadama. Ruwa ya taso da iska. Na fito na iske akuya ta tsinke igiya tana ci, sauran sun watsu cikin taɓo, har bakin turke. Takardun malam, cikin kashin awaki! Jikina har rawa ya yi."

Fatiha ta ajiye furar. Goggo ta ci gaba.

"Ina ganin ɗaurin na san na gidan malamai ne. Ubana ma irinsa gare shi. Ni ban yi karatu ba, amma na san girman abin. Na yi alwala, na bi su ɗaya-ɗaya na tsince, ko ɗan yage ban bari ba. Duk sun jiƙe sun manne, ba su gyaruwa. Na shanya su, na wanke sabon kasko, na ƙona su ciki da hannuna. Tokar na kai gulbi na zuba inda ruwa ke gudu. Ba ƙafar da ta taka sunan Allah a gidan nan." Ta saki hannun, ta gyara zama. "Ita kuwa ta sha faɗa. Kwana biyu ban yi mata magana ba."

Tsohuwar na kallon ta, fuska a sake, tana jira. Hafsat ma na kallon ta. Fatiha ta buɗe baki. Me za ta ce? Cewa labarin mai jaki ne? Cewa alwalar da tafiyar gulbin duk a kan tatsuniyar fatake aka yi su? Ta dubi hannayen tsohuwar, duk sun tsattsage da aikin shinkafa.

"Na gode, Goggo," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

"Amin, ɗiyata. Ladan na kakanki ne."

Kwalayen biyu kaɗai Goggo ta ajiye. Ta ɗauko su daga ƙarƙashin matashi, a naɗe cikin farin ƙyalle, ta ba ta.

Bayan la'asar Fatiha ta sami Jidda a bayan rumbu tana fasa wani kara ƙanana-ƙanana. Ta tsuguna kusa da ita. Yarinyar ta fashe da kuka kafin a ce mata komai.

"Adda, wallahi hadarin ba ya nan da na fita. Da na dawo har ta gama tsince su. Na ji tsoro in ce mata na labari ne."

"Bar kuka. Ya riga ya faru." Sannan Fatiha ta tambayi abin da ya kawo ta tun daga Gwandu. "Amma kin karanta, ko?"

Jidda ta share ido da gefen mayafi. "Saura warƙa bakwai."

"Wata guda, Jidda?"

"Ban so ya ƙare ba. Da na ga ya kusa sai na koma shafi ɗaya kullum. Wata rana ma sai in sake na jiya."

"To ina kika tsaya?"

"Ya shiga garin. An nuna mishi gidan. Ya yi sallama sau uku, wata yarinya ta fito, ya faɗi sunan matar. Sai yarinyar ta koma ciki da gudu tana kiran uwarta." Ta ja hanci. "Nan na tsaya. Adda, matar na da rai? Faɗa min, don Allah. Yanzu ai ba sauran abin ɓoyo."

Fatiha ta dubi kwalayen da ke hannunta. Aka kira Jidda daga cikin gida, ta tashi ta tafi tana waiwaye.

Washegari a tashar Birnin Kebbi, suna jiran mota ta cika, Fatiha ta hango wani dattijo da ya baza littattafai a kan tabarma. Ta daɗe tsaye nesa kafin ta iya matsawa. Ta gaishe shi, ta ce tana neman wani tsohon littafin labari.

"Mi ne sunansa?"

"Ba shi da bango, Baba."

"Wa ya rubuta?"

"Ban sani ba. Akwai Sambo a ciki, da jaki, da ƙullin fata."

Dattijon ya yi 'yar dariya, ba ta wulakanci ba. "Yarinya, shekara talatin ina wagga sana'a. Na da ɗin ma da ke da suna, da yawa an daina buga su. Ki binciki tsofaffin malaman makaranta, ko Allah zai sa." Ya nuna mata wasu sababbi masu hoton mata da motoci a bango. Ta yi godiya ta koma mota. Abokan aikin Babanta da ta sani biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗayan 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Sakkwato.

Asabar ta zo. Tun kafin Fatiha ta gama shara 'yan matan suka cika gidan. Labari ya riga ya kai musu ta bakin Jidda, wadda ta zauna can gefe ita kaɗai, ba mai kula ta.

Aishatu ta kwance ɗankwali ta zauna gaban Fatiha. "To, Adda. Akuya ta ci, tsohuwa ta ƙona, gulbi ya tahi da toka. Saura ke. Yau ko tsaga ɗaya ba za ki yi ba sai kin faɗa mana."

"Awo, faɗa mana!"

Suka matso, har da masu ɗauri na uku da na huɗu da bai kamata su ji ba. Fatiha ta riƙe matsefi. Tun a mota take ta saƙa ƙarshe iri-iri. Tana iya cewa zobe ne, matar ta gani ta gane na mijinta ne. Tana iya cewa matar ta rasu, 'yarta ta karɓa. Ba wadda za ta gane. Amma duk wanda ta saƙa sai ta ji bai kai ba, ba haka mai littafin ke magana ba, kuma gobe Khadija za ta faɗa wa ƙannenta a matsayin abin da ke rubuce.

"Ban sani ba," ta ce.

"Haba Adda, bar wasa."

"Ban karanta ba. Ina na biyar Jidda ta wuce ni. Inda kuka tsaya nan na tsaya."

Aishatu ta juyo gaba ɗaya ta dube ta.

"Duk 'ki karanta ki gani' ɗin nan fa?"

Fatiha ta sunkuyar da kai.

"Kuma kika ba ta ta tahi da shi?"

"Na ji kunya."

Ta jira baƙar magana, don ta san Aishatu ba ta rasa ta. Amma yarinyar ta gyara zama kawai. Ta juya ta kwantar da kai a cinyarta. "Shuku za ki yi min," ta ce. Can sai ta ƙara da cewa, "Da ƙafarsa a kumbure fa ya kai."

Fatiha ta soma tsaga. Bayan an jima ta ce akwai sauran ukun, ba za ta yanka su ba, sai dai a riƙa karantawa nan tare. Wata ta ce to. Wata ta ce sai an duba shafin ƙarshe tukuna. Ba wadda ta tashi ta ɗauko.

Khadija ta taso da ɗauri na uku a hannu, ta tsaya a gefenta. Ta gama shi jiya, yau ne za ta karɓi na huɗu.

"Adda, ni fa? In ci gaba, ko in bari?"

Hannun Fatiha ya tsaya cikin gashin Aishatu. Ta san abin da ke na huɗu, ta san akwai wuraren da suka fi duk na baya daɗi, ta kuma san inda hanyar za ta yanke. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙofar ɗaki.

"Yana kan gado," ta ce. "In kina so."

Khadija ta tsaya nan riƙe da ɗaurin, ba ta shiga ba, ba ta kuma koma ta zauna ba. Fatiha ta ci gaba da kitso.